Akwatin Yashin Malam Buta

Shekara talatin da ɗaya Malam Buta yana koyar da labarin ƙasa a sakandare ɗaya, kuma a darasi guda ya samo sunan nan. Yana da akwatin katako cike da yashi. Sai ya tara yashin ya yi tudu, ya ɗaga buta yana tsiyaya ruwa, yana cewa, "Ku duba! Ƙasa ma kamar mutum take. Ga ƙuruciya, kwari mai zurfi. Ga ƙarfi, kwarin ya buɗe. Ga tsufa, komai ya baje." Ɗalibansa da suka aurar da 'ya'ya ma ba su manta ba.

Ana zaune ƙalau aka turo sabuwar malama, tsohuwar ɗalibarsa ce kuwa. Shugaban makaranta ya ɗauki ajin ƙarshe, wanda Malam ya riƙe tun yana da baƙin gemu, ya miƙa mata.

Bango ɗaya ya raba ajinsa da nata, kuma Malam ba kurma ba ne. Yana ji tana cewa ƙasa ba ta bin wannan jerin. Ruwa na cin tudu ta sama, a lokaci guda wani ƙarfi na ɗago shi ta ƙasa. Irin dutsen wurin da sauyin yanayi ma suna da ta cewa. Yara sai jefo tambaya suke, har a kaɗa ƙararrawa ba su tashi ba. Shi ba a taɓa yi masa haka ba. Kishi ya ci shi, ba kaɗan ba. In ta gaishe shi, da hanci yake amsawa.

Ran nan ta manta littafinta a ɗakin malamai. Malam ya waiga, ya ga ba kowa, ya jawo shi don ya tono kuskuren da zai kunyata ta da shi. A babin farko ya ci karo da darasin nan nasa cikin zane guda uku, ƙuruciya, ƙarfi, tsufa, ƙarƙashin kan magana mai cewa yadda masana suke tunani a da. Ya juya ya duba shekarar bugun farko. Shekara huɗu ke nan kafin ya fara riƙe alli.

Bai ji shigowarta ba.

"Malam, dama ku nake nema," in ji ta, ta ɗan rusuna. "Gobe za mu yi wannan babin, kuma babu wanda ya iya shi kamarku. Ko za ku zo mana da akwatin?"

Da gori ta yi masa da ya fi sauƙi, don yana da amsar gori.

Kashegari ya shiga ajinsa na da, rungume da akwati. Ya tsiyaya ruwan yadda bai taɓa yi ba, yara suka tafa. Yana goge hannu ta miƙe ta ce, "Mun gode, Malam. To, kun ga yadda ake tunani a da. Ku buɗe babi na biyu."