Mutumin da Ya Ceto Muryar Nagoggo

Kafin direbobin tashar Daura su gama shan kokon safe, Malam Yazid mai gyaran rediyo ya riga ya buɗe rumfarsa. Zai yayyafa ruwa a ƙofa, ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur, ya jera sukudirebobinsa daga babba zuwa ƙarami, sannan ya maƙala tabaraunsa mai ƙafa ɗaya, wanda zare ya tsaya wa a ɗayan kunnen. Shekara talatin da huɗu ke nan yana wannan zama. Ƙarshen watan nan zai rufe rumfar, don ido ya fara gardama, amma har yau ba a samu mutum biyar da suka haɗu suka ce a je a yi masa na gode ba. Lada ɗaya da direbobi suka ba shi ita ce laƙabi: Malam Sai-Jibi. Wai yana da nawa. Kai, mutanen yanzu!

Nawar tasa kuwa ƙa'idoji ne guda biyu. Ba ya kwance abu sai ya tambayi mai shi me ke ciki. Kuma in aikin mota ne, ba ya cewa ya gama sai ya shiga motar an taka gargada da shi, ya ji da kunnensa. Wanda ke ganin wannan ɓata lokaci ne, ya je ya tambayi Lawal direba, mai jigilar fasinja tsakanin Daura da Babban Mutum. Shi ya ba da wannan labari da bakinsa, kuma lokacin da yake bayarwa kansa a sunkuye yake.

Lawal yana da wata 'yar na'urar sauraro, fara, ba ta wuce tafin hannu ba, wadda yake haɗawa da rediyon motarsa. Tsohuwar ƙira ce, irin mai ɗan faifai yana juyawa a ciki. Ta cika maƙil, ba ta karɓar ko waƙa ɗaya, fasinjoji kuma sun haddace abin da ke ciki har suna riga ta. Wata 'yar kasuwa ta ce masa, "Direba, in ba ka da sabo ka kashe, mu ji ƙarar inji, ita aƙalla tana sauya murya." Sai ya kawo ta wurin Malam Yazid ranar wata Litinin, ya ce a ƙara mata ciki.

Malam Yazid ya kara ta a kunne. Ya ji tana ƙas, ƙas, kamar gara a cikin azara.

"Lawal, wannan ba ƙarin ciki take nema da farko ba. Faifan nan gargada ta gama da shi. Me ke ciki?"

"Waƙoƙi ne, Malam, da karatu."

"Shi ke nan?"

"To, da 'yan tarkace."

"Bar ta. Ka dawo jibi."

"Jibi? Malam, injin mota guda ana saukewa a mayar a wuni ɗaya!"

"To kai ta wurin mai sauke inji."

Magana ce ta gatse, amma Lawal ya ɗauke ta fatawa. Ya karɓi abarsa ya koma tasha. Shi a saninsa, duk abin da ya toshe maganinsa ɗaya ne, yadda ake yi wa kafiretar mota: a kwance, a wanke da fetur, a hura. Ya sa bakin wuƙa ya ɓamɓare na'urar, ya tsinke wata siririyar waya mai kama da ganyen albasa, ya tsoma tsumma a fetur ya goge cikin tas, ya hura, ya ɗan bubbuga ta a tafin hannu don ta hankalta. Ya danna. Shiru. Karambanin akuya, gai da kura!

Da hantsin Talata sai ga shi a rumfa, ya tattaro gutsattsarin a cikin hularsa. Tun kafin ya yi sallama warin fetur ya riga shi shiga. Malam Yazid ya dubi hular, ya dubi mai hular, ya cire tabarau ya ajiye.

"Mai ka zuba mata, ta tashi ta je ina?"

Lawal bai yi dariya ba. Ya durƙusa a gaban tebur, ƙato da shi, mai 'ya'ya shida. A nan ne fa gaskiya ta fito, don ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Cikin 'yan tarkacen da ya ce, akwai muryar mahaifinsa, marigayi Nagoggo, makaɗin gangar noma na Babban Mutum. Sau ɗaya tak aka taɓa ɗaukar sa a kaset, a wata gayya, kaset ɗin kuma rediyo ya tauna shi tuntuni bayan an juye shi a wannan na'ura. Babu wani kwafi a duniya. Kuma duk Juma'a in Lawal ya sauke fasinja, yakan tsaya a ƙofar gidansu ya buɗe ƙofofin mota ya kunna wa mahaifiyarsa, Inna Rabi, ta saurara daga zaure. Juma'a saura kwana uku, tsohuwa ba ta san abin da ake ciki ba.

"Da na tambaye ka jiya, me ya hana ka faɗa?"

"Na ga kamar ba sai na faɗa ba, Malam."

"Ka ga kamar! Tashi ka ba ni wuri, kana tare mini haske."

Ga abin da Malam Yazid ya yi, a idon mutane. Siririyar wayar nan ba a sayar da ita a Daura. Ya taka da kansa zuwa shagon Ignatius mai kayan gyara, wanda ya daɗe a garin har Hausa ta zauna a bakinsa, suka zazzage kwalin matattun na'urori a ƙasa suna tonawa. Ignatius yana cewa, "Malam, fetur fa ka ce? Wannan direban, in kansa ya yi ciwo, bakanike zai kira?" Har azahar kafin su dace da guda. Ya kuma sa Ignatius ya aika Kano a ɗoro masa ɗan allon da ake sakawa a gurbin faifai, mai karɓar memori.

Ya bar faifan ya sha iska a inuwa wuni guda, bai taɓa shi ba, Lawal yana ta safa da marwa a ƙofar rumfa kamar kazar da za ta yi ƙwai. Ranar Laraba ya haɗa waya, ya jona da tsohuwar kwamfutarsa, ya ce, "Faifan nan in ya tashi, ba lalle ya daɗe ba. Ba za mu kwashe duka ba. Minti nawa kiɗan Nagoggo yake?"

"Daga Zango zuwa gida yake kai ni."

Da wannan awo na direba Malam Yazid ya yi aiki. Domin da faifan ya juya, sai ga abubuwa sama da dubu, babu mai sunan kirki, duk haruffa barkatai. Da wani ne, daga sama zai fara juya, waƙoƙi su cinye sauran numfashin faifan. Shi kuwa sai ya jera su bisa nauyi, ya tsallake gajeru, ya kama dogaye yana ɗanɗana farkonsu. Na farko tafsiri. Na biyu tafsiri. Na uku wa'azi. Faifai yana ƙas, ƙas, Lawal yana salati. A na shida sai ganga ta amsa. Malam Yazid ya ɗaga masa yatsa kada ya ko motsa tebur, har aka gama juyewa. Sun ƙara kwashe karatu huɗu, faifan ya yi wata 'yar ƙara ya tsaya, bai sake tashi ba har yau.

Waƙoƙin duk sun tafi, kuma wallahi Lawal ya buɗi baki ya fara cewa, "To waƙoƙin fa..." Kallo ɗaya aka yi masa ya haɗiye sauran.

Alhamis allo ya iso. Malam Yazid ya dasa shi, ya sa memori mai cin abin da tsohon faifai ke ci ninki talatin, ya ja waya daga motar don na'urar ta riƙa shan wuta, ya yi mata mazauni da yankin tsohon tub na taya don kada ta riƙa buguwa. Muryar Nagoggo kuwa wuri uku ya ajiye ta. Lawal ya miƙa hannu zai karɓi makullin motarsa, aka ce masa saura gwaji. Ranar Juma'a, mutumin da ya ba sittin baya ya rufe rumfarsa, ya matsu a gidan gaba na motar Lawal, yana cewa, "Kada ka kauce wa ramin nan, faɗa shi." Fasinjoji suna Allah-wadai, shi yana kasa kunne. Ko sau ɗaya ba ta sarƙe ba.

A Babban Mutum Lawal ya buɗe ƙofofi ya kunna. Ganga ta tashi, Nagoggo yana kiran manoma ɗaya bayan ɗaya. Can tsakiya kiɗan ya tsaya, aka ji shi yana haki yana cewa, "Rabi, ina furar nan ne?" Daga cikin zaure tsohuwa ta amsa, "Tana zuwa, Malam, sarkin gaggawa." Sannan ta leƙo, ta dubi ɗanta, wanda ba ta faɗin sunansa don ɗan fari ne, ta ce, "Kai wannan, yau muryarsa ta fi fita. Waye wancan baƙon da ka bari a rana?"

Lawal ya ce, "Fasinja ne, Inna."

Fasinja! Don kada ta ji zancen fetur. Malam Yazid kuwa bai tona masa asiri ba. Ya gaishe ta, ya sha ruwan da aka kawo masa, ya dawo Daura a motar kaya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar yabo.

To, Malam Yazid, kai ma akwai laifinka, don shirun nan naka ya yi yawa. Amma in Lawal ya ɓoye, mu ba za mu ɓoye ba. Kai ne ka tambayi abin da ke ciki kafin ka sa hannu. Kai ne ka bi mataccen kwali har ka samo waya ɗaya saboda tsohuwar da ba ta san sunanka ba. Gwani, mai kunnen da ya fi idon wasu, mun gode. Allah Ya ƙara wa idonka haske, Ya sa hutunka ya zama na lafiya.

Ku kuma masu gyara na yanzu, da ke goge wa mutum kayansa kafin ya gama bayani, ku je ku zauna a rumfar nan tun tana buɗe, ku koyi tambaya. Kai kuwa Lawal, Juma'a mai zuwa in ka tsaya a ƙofar gida, ka shiga zauren nan ka gaya wa Inna Rabi sunan fasinjanka. Tsohuwa ce mai addu'a. Ka bar ta ta san wanda za ta yi wa.