'Yar Autar Tela

Ranar da wandon Tela ya zame a tsakiyar layinmu, hannayensa duka biyu suna rungume da bokitin fenti. Zariya ce ta tsinke. Mutumin da ya tsufa yana zura wa mutane zariya, tasa ce ta ba shi kunya, kuma a gaban matan da suka zo karɓar ɗinki. Ko dai ya saki bokiti ya kama wando, ko ya riƙe bokiti wando ya tafi. Bawan Allah ya riƙe bokiti. Haka ya ja ƙafa, wando a idon sawu, doguwar riga kaɗai ta rufa masa asiri, sai da ya dire kayansa a inuwa sannan ya sunkuya. Matan nan har da dafa bango don dariya.

Ɗan itacen lemun tsami ne a bokitin, ko ƙugu bai kai ba. Matarsa ce ta tura ƙwallon cikin ƙasa lokacin da take jinyar da ba ta tashi ba, ya tsiro bayan rasuwarta. 'Ya'ya duk sun watse gidajensu, sai ya kawo bokitin bakin shago, ya ajiye tsakanin ƙofarsa da ta Mai Aski, yana kiransa 'yar auta. Tela fa, in ka kai masa ɗinki, goben da zai ce maka ba ta zuwa. Amma ruwan 'yar auta bai taɓa makara ba.

Sai ta soma ciwo. Ganye ya yi rawaya, ya naɗe, ya dinga zuba. Tela ya huda gindin bokiti da ƙusa. Ya goge ganyen ɗaya-ɗaya da jiƙaƙƙen ƙyalle. Almakashinsa na yadi, wanda ko ɗan cikinsa bai isa ya taɓa ba, da shi ya yanke busassun rassa. Duk wannan jinya, Mai Aski na gefensa. Tun suna samari suke maƙwabtan shago, kwano ɗaya suke ci, shi ya riƙe Tela ranar da aka yi rasuwar. Kullum sai ya leƙo, ya girgiza kai.

"Mutumina, ka sa mata toka."

Aka sa toka.

"Anya ba ido ba ne? Mutanen layin nan ba su da kirki."

Tela ya ɗinka mata labule.

"To rana ce. Kai ta inuwa."

Wannan shawarar ce ta jawo zamewar wando. Da ya dire bokitin kuwa, gindin da tsatsa ta cinye ya ɓalle, dole a sake mata mazauni. Ya aro tsohon baho, ya kifa bokitin a hankali, ya sa yatsu yana warware ƙasar. Sai wari ya buge shi, warin sifirit da sabulun aski. Ya jawo saiwa, sai ga ta naɗe da gashi. Baƙi, furfura, na gemu, na ƙeya, kawunan layinmu kaf suna cikin bokitin nan. Har da guntun reza.

Ya daɗe a tsugune. Shi in yana kan keken ɗinki bango yake kallo, ƙarar keken kuma ba ta barin ya ji komai. Kwatar da ake zubar da ruwan aski tana tsallaken hanya. Bokitin kuwa yana daf da hannun mai ƙiwa.

Ya ɗebi gashin a tafin hannu, ya shiga shagon Mai Aski, ya zube masa a kan tebur.

"Na waye wannan?"

Mai Aski na cikin gyara wa wani direba gemu. Ya kalli gashin, ya kalli madubi, ya kalli silin.

"Ai ruwa ruwa ne, mutumina."

"Kana zubawa da safe, da rana kana ce min toka?"

"Haba, a kan ɗan itace?"

"Ka san wadda ta shuka shi."

Direban ya tashi da rabin gemu, ya ce zai dawo.

Tela bai yi zagi ba, kuma shi ne abin da ya ba mu tsoro. Ya wanke saiwar da ruwa mai kyau, ya tsince gashin da bakin allura, ya yanke inda ya ruɓe. Ya samo sabuwar ƙasa wajen masu sayar da furanni, ya shigar da bahon cikin shago, gefen taga, inda idonsa yake. Ya juya keken ɗinkin ya daina kallon bango. Abinci kuma shi kaɗai yake ci. Aski sai ya taka har ƙarshen layi wajen wani da ke yanke shi kullum, ya dawo da auduga a haɓa, ya wuce ta gaban tsohon abokinsa ko tari bai yi ba.

'Yar auta ta tsaya tsirara kamar tsinken tsintsiya, har muka fara yi masa gaisuwa a ɓoye. Sannan wata safiya sai ga toho, jajaye-jajaye, ƙanana kamar kunnen ɓera.

Mai Aski ya ji labari. Ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, ya cire hula yana fifita da ita, sanƙonsa na ƙyalli.

"Ma sha Allah, ta tashi! Ka ga, ni na ji an ce gashi ma taki ne. Wa ya sani ko ruwan nan nawa ne ya ƙarfafa ta?"

Tela bai tsayar da keke ba. Ya ɗago ido ta saman tabarau, ya ƙare wa kan mutumin kallo.

"Da ruwanka na tsirar da wani abu, ai da a kanka ka fara zuba shi. Matsa, ka tare mata haske."