Rigar da ta ci idon maigidana

Maigidana maɗinki ne a zangon Yendi, ni ke kaɗa masa zare. Mutum ne mai taurin kai, Allah ya jiƙansa. Kowa na ɗinka riga mai aska takwas ya sayar ya ci tuwo, shi kuwa sai ya ce yana da wani zane a kansa da ba a taɓa ɗora wa riga ba.

Shekarar da fara ta cinye gero, yanar ido ta fara rufe masa idon hagu. A lokacin wani attajirin shanu daga Bawku ya sauka a unguwarmu, ya ga zanen a ƙyalle, ya ce a yi masa riga da shi. Ya dafa ƙirji ya ce a Salaga zai sa ta ranar Salla, duk wanda ya tambaya zai faɗi sunan mai aikin. Abin da ya kama maigidana ke nan. So yake kafin duhu ya rufe shi a san ya taɓa riƙe allura.

Na ce, "Malam, ido ɗaya ya rage maka, za ka zuba shi a rigar wani ƙato?"

Ya ce, "Ke dai kaɗa zare."

Na kaɗa, ina tsaki. Damina ta wuce, rani ya wuce, yana tsugune a bakin zaure, hancinsa kamar zai taɓa yadin. Ranar da ya gama, sai da na kama hannunsa na kai shi bayan gida. Amma rigar, kai! Ni da nake zaginta, da na shimfiɗa ta sai da na yi hawaye.

Attajiri ya aiko aka ɗauka. Daga nan duk ayarin goron da ya taso daga Salaga, sai Malam ya sa a tambayo ko an yi maganarsa. Shiru kake ji.

Bayan Salla wani maroƙi ya yi sallama, gajere, bakinsa ja wur da goro. An ce masa gidan maɗinki ne. Wai attajirin Bawku ya ji daɗin kirari a kasuwar Salaga, ya tuɓe riga a gaban jama'a ya jefa masa, yadda masu abin hannu ke yi. To ta yi masa yawa, har ya taka gindinta ya yage. So yake a rage ta, abin da ya saura a fitar masa da hula.

Malam ya karɓa ya shafa ƙirjinta. Na ga yatsunsa sun tsaya a kan zanensa. Duk ta yi maiƙo, ga tofin goro a kafaɗa.

Ya ce, "Mai ita ya faɗi wanda ya ɗinka?"

Maroƙi ya ce, "Ya faɗa mana, baba! Da bakinsa ya ce daga Kano ya yo odarta. Ai da gani ka san ba aikin mutanen nan ba ne."

Wallahi na ɗauki muciya, ban san ma wa zan maka wa ba. Malam ya ce in ajiye, in miƙo masa almakashi. Na ce ba zan miƙa ba. Ya lalubo da kansa a cikin kwando, ya ce wa maroƙin ya matso ya auna tsawonsa.