Turancin da na koya saboda 'yar fari

Ina tankaɗe a tsakar gida na ji ludayi ya faɗo cikin ƙwarya, ƙwas. Na waiga. Yarinyar tana zaune gaban kununta, hannunta ya kasa riƙe ludayin. 'Yata ce ta fari, ba ta wuce shekara biyar ba, amma a gidanmu na Kiru 'yar Inna ce, wato surukata. Tun da aka yaye ta ɗakin Inna take kwana. Ni Yaya take ce mini. Ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa ɗora ta a cinya gaban mutane ba. Haka na tarar ana yi wa ɗan fari, haka na yi.

Zazzaɓi ne ya kama ta, da tari mai lotsa ƙirji. Inna ta dafa sabara, aka karɓo rubutu wurin malam, jikin dai sai ƙara zafi. Maigidana malamin gona ne, yana rangadi can wajen Doguwa. Sai muka ji wata Baturiyar asibiti za ta zo ɗakin shan magani na Bebeji ranar kasuwa. Ba ta jin Hausa, kuma matan da suka je wancan karon sun ce komai tsawon bayaninki, tafintanta kalma biyu yake mayar mata.

"Ba ke kika yi boko a birni ba?" in ji Inna. "To, ga ranarsa."

Na yi makarantar 'yan mata, amma Turancin littafi aka koya mana. Na iya karanta labarin jirgin ruwa, ban san yadda ake cewa yaro ya ƙi abinci ba. Tun da na yi aure ma ban sake furta shi ba.

Ƙanin surukina, wanda muke ce wa Baffa, ya yi wa Turawan ma'adinai kuku a Riruwai. Shi ya zauna a bayan zana, ni ina daga ciki, yana faɗa ina maimaitawa.

"Good morning, madam. Kai, ɗaga murya, 'yar nan! Gaisuwa ce, ba shari'a ba."

Daga nan sai "She has fever," tana zazzaɓi. "She cannot eat," ba ta iya cin abinci. "Please, help us," don Allah a taimake mu. Ina daka ina faɗa, ina wanke-wanke ina faɗa. Har cikin lazimi sukan kutso mini, in yi istigfari in sake daga farko.

Ana gobe kasuwa Baffa ya ce, "Saura biyu. Za ta tambayi 'yar wace ce, za ta tambayi sunanta."

"Baffa, 'yar fari ce. Inna tana wurin."

"Baturiya ba ta san wannan kunyar ba. Uwa take nema, wadda ta san yadda aka haife ta da abin da ta sha fama da shi. In kika nuna Inna, ita za ta yi wa tambayoyin, ta bakin tafinta."

Washegari muka kama hanya, Inna a kan jakin haya rungume da yarinyar, ni da mai jakin a ƙasa. Har muka wuce garin Ƙofa ina jin numfashinta yana fita da ƙyar, ina juya jimlolin nan biyu a bakina, sun ƙi fitowa.

Da layi ya zo kanmu, tafinta ya buɗe baki, na riga shi. Na yi gaisuwar da Baffa ya koya mini. Baturiyar ta ɗago ta dube ni. Na faɗi zazzaɓin, na faɗi abincin. Sai ta nuna yarinyar a hannun Inna, ta yi tambayar da Baffa ya ce.

Inna ba ta jin Turanci, wannan ya ɗan ba ni ƙarfi. Na ce, "She is my daughter." Amma suna ba shi da Turanci. Da ta tambaya, na sunkuyar da kai na faɗe shi, ɗakin nan kowa ya ji.

Inna ta ɗaga kai tana duban azara. Baturiyar ta yi alama a zaunar da yarinyar don ta saurari ƙirjinta. Sai Inna ta ɗora mini ita a cinya ba tare da ta dube ni ba.

"Riƙe mini ita, hannuna ya sage."

Jikinta kamar garwashi, ga rashin nauyi. Aka yi mata allura ina riƙe da ita, aka ba mu maganin ruwa, aka ce mu dawo kasuwa mai zuwa. Ban san ko za ta kai ba. Na fito da ita muka zauna a inuwar tsamiya, Inna ta tafi neman mai jakin, ta kuma daɗe fiye da yadda ya kamata.

Yarinyar ta buɗe ido ta daɗe tana kallona. Ta ce, "Yaya, ashe kin san sunana."