Takardar Cefane

A shekarun da bama-bamai ke tashi a Kano, na hana 'yata zuwa makaranta. Shekararta bakwai, tana aji biyu, makarantar kuma tana jikin ofishin 'yan sanda, irin wuraren da ake kai wa hari. Babanta bai so ba. Ya ce tsoro ba ya hana mutuwa, sai dai ya hana yarinya karatu. Na ce ai ni ma na yi sakandare, zan koyar da ita a gida. Ya ce to, Allah ya taimaka.

Ba a je ko'ina ba na gane na ɗauko Dala ba gammo. Ga girki, ga goyo, ga ɗinkin mutane, ga kunne kullum a waje. In na buɗe littafi, barci ya riga ya kwashe ni. Sai na yi dabara. Da ma ita nake aika cefane wurin wani dattijo mai tebur a bakin lungunmu na Yakasai, saboda haka na riƙa rubuta mata kayan a takarda: tumatir kashi uku, albasa biyu, dunƙule huɗu, daddawa. Sharaɗin shi ne ta karanta masa da bakinta, in ta dawo mu ƙirga: kashi uku, kowanne huɗu, nawa ke nan? Lissafin bai taɓa fita daidai ba saboda gyaran da yake yi mata, amma kayan kullum cif suke. Har gori na yi wa babanta.

Wata huɗu muna haka. Ran nan na ce yau ɗanwake za mu ci, na rubuta kanwa da kuka da yaji. Sai ga ta da tumatir kashi uku da albasa biyu.

Na zura hijabi na fita wurin dattijon da kaina. Na ce Baba, yaya haka? Ya ce shi bai iya boko ba, ita kuma takan tsaya tana jujjuya takarda har idonta ya kawo ruwa.

"'Yata, shekara nawa ina haɗa cefanen gidanku? Sai in zuba mata ido tana kuka a kan abin da na sani?"

Na kasa yi masa faɗa, ban ma da ƙarfin yi. Na dawo na miƙa mata takardar, na ɗora yatsa a kan kanwa. Ta daɗe tana kallo, sannan a hankali ta ce tumatir. Kunya ta kama ni, da wata irin gajiya da ban taɓa ji ba.

Ban gaya wa babanta dalili ba. Washegari na goge mata kayan makarantar da duk sun ɗage mata, na riƙe hannunta muka wuce buhunan yashin 'yan sanda har bakin aji. Da na dawo ban ɗora tukunya ba. A soro na zauna, ina sauraren gari har aka tashe su.