Batirin da Inno Ta Shanya

Nu'uman mai batir ba matsoraci ba ne, kada wani ya gaya maka haka. Shagona na ɗinki yana jikin nasa a Ƙofar Kwaya, tun muna samari nake ganinsa yana goga waya a kan batirin mota, tartsatsi na tashi yana dariya. Ruwan batir ya cinye masa riguna ba adadi, ni nake yi musu faci ina yi masa tsiya.

Sai da babura masu caji suka shigo gari na fara ganin tsoro a idonsa. Batirinsu baƙin akwati ne a rufe ruf, ba a ɗura masa ruwa. Ya taɓa ganin ɗaya ya kama da wuta a wani gareji, ana sheƙa masa ruwa yana ƙara tashi. Tun ranar, in aka kawo masa irinsa sai ya shafa, ya sansana, kafin ya yarda ya karɓa. Yakan ce babu abin da batirin nan ya tsana kamar zafi.

A bazarar bara wani ɗan acaɓa, Mudassir, ya kawo nasa da ya daina riƙe caji. Shagon rufin kwano ne, don haka Nu'uman ya kai shi gida ya ajiye a zaurensu na ƙasa mai sanyi. Da mahaifiyarsa Inno ta tambaya, ya ce mata batir ne ƙarfinsa ya ƙare, bai ƙara komai ba.

Inno kuwa duk rayuwarta in batirin rediyonta ya ja baya, a rana take shanya shi ya farfaɗo. Haka muka taso muna gani a kowane gida. Ta sa surukarta Ramla ta jawo akwatin zuwa tsakar gida kusa da shanyar barkono, ita kuma aka shimfiɗa mata tabarma a inuwar gefe tana korar kaji. Gwiwoyinta sun daɗe da gazawa, sai mutum biyu sun kama ta take miƙewa.

Bayan azahar na bi Nu'uman gida cin abinci. Tun a zaure ya tsaya cak, saboda wani wari mai zaƙi-zaƙi da ya tare mu. Muka leƙa. Akwatin ya kumbura kamar burodi, yana huci, farin hayaƙi siriri na fita ta gefensa, ga Inno zaune dab da shi.

"Ka gani, shina farfaɗowa," in ji ta. "Mi kake kallona haka?"

Ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba. Babu lokacin ɗaga Inno. Nu'uman ya rungumi akwatin da hannu biyu ya yi waje da gudu, wutar ta tashi yana bakin ƙofa, bai sake shi ba sai da ya kai lungu. Har la'asar wutar tana ci, ba mai iya matsawa kusa.

Yatsunsa sun warke a lanƙwashe, ba sa riƙe waya balle sufana. Shagon yana nan a kulle, kullum da safe ni nake share ƙofarsa. Rediyon Inno na rataye a ƙusa, ba ta ƙara kunna shi ba. Ita take ba shi tuwo a baki yanzu, ta hana Ramla.

Rannan ina zaune na ji ta ce a hankali, "Da ban sa an shanya abin ga ba..."

Ya ce, "Inno, ƙaro mani loma."