Ƙafar Baya A Kan Ruwa

Shekara ashirin da shida ke nan yana aiki a mashigar jirgin fito, kuma aikin nasa guda ɗaya ne. Direba zai zo bakin gadar ƙarfen da ake shimfiɗawa daga jirgi zuwa gaɓa, ya ga ƙuncinta, ya ga ruwa dama da hagu, gabansa ya faɗi, sai ya fito ya miƙa makulli. Shi kuma ya hau da motar, ya jera ta, ya dawo ya karɓi ta gaba. Daga gaɓa zuwa ƙuryar jirgin mita arba'in ne, shi ya sa ake kiransa Baba Arba'in. Ya tuƙa tankar mai, ya tuƙa motar gawa, ya tuƙa tirela shaƙe da shanu, amma bai taɓa sa wa ko ɗaya giya ta uku ba. In an tashi aiki, kekensa yake hawa.

Ba mai magana ba ne. Matarsa takan ce ko gaisuwa sai an ciro ta daga bakinsa da ƙugiya. Babbar 'yarsu, mai aikin jinya, duk zuwan da za ta yi sai ta latsa gwiwoyinsa ta ce, "Baba, ya isa haka." Ya ce to. Da safe a duba jikin bango, babu keke.

Kafin ya shiga kowace mota sai ya tuɓe takalmi. Wani ya taɓa tambayarsa dalili, ya ce ƙafar da ke cikin takalmi kurma ce.

Ranar da ake ba da labarinta har yau, an yi ruwa da hantsi ya ɗauke, ƙarfen gadar yana ƙyalli. Sai ga wata shuɗiyar mota, gajeriya, cikinta kusa da ƙasa, irin ta gudu mai ja da ƙafa huɗu. Rurin injinta a ƙirji ake jin sa. Baba Arba'in ya matsa ya miƙa hannu. Mai motar, wani mutum mai farin gilashi, ya sauke taga kaɗan.

"Baba, wannan ba irin waɗanda ka saba ba ce. Bari kawai."

Baba Arba'in ya matsa gefe. Ba ya roƙon makulli.

Mutumin ya taka. Ƙafafun gaba suka hau jirgi lafiya, sai igiyar ruwa ta ɗan ture jirgin, bayan motar ya zame. Aka ji ƙarfe ya daki ƙarfe. Ƙafar baya ta dama ta sauka daga gefen gada tana lilo a sarari, kogi na gudu a ƙarƙashinta. A daidai saman wannan ƙafar, a kujerar baya, mahaifiyarsa ce zaune. Tsohuwa ce da ba ta iya tafiya, kekenta na guragu yana cikin but. Ƙofarta ruwa take kallo.

Mutumin ya sake taka totur. Ƙafar da ke rataye ta yi ta juyawa kamar fanka, 'yar'uwarta ta hagu tana zamiya a kan jiƙaƙƙen ƙarfe, motar ta ƙara matsawa gefe kamar faɗin tafin hannu.

"Ɗauke ƙafarka," in ji Baba Arba'in. Bai ɗaga murya ba, amma mutumin ya ɗauke.

Baba Arba'in ya waiga ya kira mai kula da injin jirgi, wani ƙaton mutum da ake ce wa Buhu, da masu ɗaure igiya biyu. Ya nuna musu gaban motar ta hagu.

"Ku zauna nan."

"Fentin fa..." in ji mai motar.

"Yallaɓai, fentin ko Inna?" Buhu ya ce, ya haye ya zauna a kai. Motar ta ɗan sunkuya gaba.

A hankali mai motar ya zame ya fito, Baba Arba'in ya tuɓe takalmi ya maye gurbinsa kafin kujerar ta san an canja mutum. Ya gaida tsohuwar ta madubi.

"Sannu, Inna."

"Sannu, bawan Allah. Kai ne za ka jefa ni, ko shi ya riga ya gama?"

"Ki jingino hagu, ki riƙe kujerata."

Abin da ya sani game da mota bai cika cokali ba, amma ya san shi sosai. Mota raguwa ce. In ka ba ta ƙarfi, takan kai shi ga ƙafar da ta fi samun sauƙin juyawa, ko da a iska take. Manyan motoci suna da sandar da ake ja a kulle gaba da baya, su juya tare ko suna so ko ba sa so. Motar da aka ƙera da irin wannan ƙarfi, ya san ba za a bar ta babu irin wannan makulli ba.

"Ina makullin ƙafafunta?" ya tambayi mai ita.

"Wane makulli?"

"Wata nawa tana hannunka?"

"Biyar."

"Uhm," in ji tsohuwar daga baya.

Bai iya karanta rubutun da ke jikin maɓallan ba. Ya bi su da yatsa har ya kai ga wani ɗan ƙaramin abin murzawa a bayan sandar giya, da zanen ƙafafu huɗu da layi a tsakaninsu. Ya murza sau ɗaya, wani ɗan layi ya haska a gabansa. Ya ci gaba da murzawa har layukan suka cika, abin ya ƙi wucewa.

Mata masu kaya a ka sun tsaya da kayansu. Bai taka nan da nan ba. Yana jin jirgin yana tashi yana sauka a ƙarƙashinsa, sai ya bar shi ya tashi sau ɗaya, sau biyu. A na uku, daidai lokacin da gadar ta ɗago, babban yatsansa ya sauka a kan totur kamar mai taɓa jariri.

Injin da ke firgita mutane ko tari bai yi ba. Ƙafafun gaba suka kama. Cikin motar ya goga gefen gada da wata doguwar ƙara mai sa haƙora tsami, Buhu da mutanensa suna tafiya da ita a zaune. Ƙafar da ke rataye ta juya a hankali, daidai da sauran, ta taɓa leɓen ƙarfen, ta matse, ta hau. Motar ta shige jirgi ta tsaya a layi, tazarar da ke tsakaninta da ta gabanta kamar an auna da zare.

Wani dattijo ya cire hularsa ya riƙe a hannu, bai san ya yi ba. Buhu ya sauko yana share wuya.

Baba Arba'in ya mayar da abin murzawar inda ya same shi. Mai motar ya iso taga.

"Kada ka hau kwalta da shi a kulle," in ji Baba Arba'in. "Wajen shan kwana za ta ci tayoyinta."

Ya kai hannu zai buɗe ƙofa, sai ya ga hannun ya ƙi. Rawa yake yi, shi da ɗan'uwansa. Ya tura su ƙarƙashin cinyoyinsa ya zauna a kai. Tsohuwar ta gani ta madubi, ta kau da ido.

"Zauna abinka," ta ce. "Can ma akwai wata gadar, ko ba haka ba? Kai za ka sauke ni." Ta juya wajen ɗanta. "Kai kuma zagayo nan kusa da ni. Ƙafata ta sage, zo ka gyara min ita."

Mutumin ya cire gilashinsa, ya buɗe ƙofar baya ya durƙusa. Aka janye gada, jirgi ya tashi.